Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayengidanmu masu kwangilar gyara da sare bishiyoyi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe iyayengidanmu, muna gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya ƙara buɗi.

Ni mai hawa bishiya ne, bana shekarata 11 a wannan sana'a. Daga ƙasa na fara, jan rassa da loda gungume a mota, sai da na yi kusan shekara biyu kafin maigidana na farko ya yarda na tayar da injin zarto, na ƙara wata shekarar kuma kafin ya bar ni na ɗaura bel na hau sama. Wasiƙar nan da hannuna na rubuta amma maganar tamu ce mu duka, mu masu hawa, da yaran da ke riƙe mana igiya a ƙasa, da masu daddatsa gungume in ya sauko, da direbobin da ke kwashewa. Mun same ku ɗaya bayan ɗaya mun yi magana, kowa ya ce za a duba, yau wata biyu kenan shiru kake ji, shi yasa muka ce bari mu rubuta inda kowa zai gani har da masu gidaje da makarantu da hukumomin da ke ba ku aikin, su ma su san yadda ake yi musu shi.

Abu uku kuka yanke a zamanku na ƙarshe kamar yadda aka sanar da mu. An rage tawaga ta koma mutum biyu, mai hawa ɗaya da yaro ɗaya a ƙasa ko da yaron bai taɓa hawa ba. An daina biyan yini an koma biya bisa yawan bishiyar da aka gama. Sannan an dakatar da tura sababbin yara horo, wai su koya a bakin aiki. Mun san kaya sun yi tsada, mun san akwai masu karya farashi da ke ƙwace muku kwangila, bamu raina wannan ba ko kaɗan, abincinmu ai ta hannunku yake fitowa. Amma dan Allah ku saurari abin da hukuncin nan yake jawowa can sama inda ba kwa zuwa.

Maganar mai hawa na biyu, wato wanda ke tsayawa a ƙasa don ya ceto na sama in abu ya faru, ita ta fi tsaya mana a rai. A takarda kuna ganinsa kamar mutumin da ake biya yana tsaye yana kallon sama. Shekara huɗu da suka wuce muna rage wata tsohuwar bishiya a bayan wani gida, abokin aikina yana sama kamar mita 15, ni ranar ina ƙasa da bel ɗina a ɗaure kamar yadda muka saba. Ya riƙe reshe da hagu yana yanka da dama, injin ya zame ya same shi a hannu ƙasan gwiwa. Abin da na fara ji shi ne injin ya yi shiru, sai jini ya fara ɗiga a kan ganyen da ke gabana kamar an fara yayyafi. Na kira sunansa ya amsa sau ɗaya, na sake kira bai amsa ba. Na hau ta igiyar da muka rataya tun da safe saboda irin wannan ranar, na same shi yana reto a jikin bel, kansa ya langaɓe, na ɗaure hannun tamau sama da ciwon, na maƙala bel ɗinsa da nawa muka sauko tare a hankali. Yau yana nan da ransa yana ciyar da iyalinsa, yatsunsa biyu ne dai basa lanƙwashewa. Da a ce tsarinku na yanzu ake kai a ranar, yaro ne zai tsaya a ƙasa da waya a hannu yana kuka yana kiran taimako, tsanin 'yan kwana-kwana kuwa ba ya shiga lungun bayan gida, kuma jijiyar jini babba in ta tsinke mintuna ƙalilan mutum yake da su. Ko babu jini ma, wanda ya suma yana rataye a bel bai motsi, jini taruwa yake a ƙafafunsa ya ƙi komawa zuciya, wannan kaɗai yana iya kashe shi. A Birtaniya dokarsu ta aiki a sama ta 2005 ta wajabta a tsara yadda za a ceto mutum tun kafin a fara aikin, kuma a sana'armu can ba a hawa sai akwai wani a wurin da ya iya hawan ceto yana da kayansa. Mu ma da haka muka taso a hannunku, ku kuka koya mana.

Sai biya bisa yawan bishiya. Ranku ya daɗe kun fi mu sanin bishiya suna ta tara. Akwai wadda take tsakiyar fili, ka yi mata baki ka yanke ta baya ta kwanta cikin minti ashirin. Akwai wadda rassanta suka haye rufin mutane, wayar wuta ta ratsa gefenta, ga katanga ga motoci, wannan sai dai ka sauke ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ɗaure ta da igiya a zuro ta a hankali, yini guda ma wani lokacin ba ya isa. In kuɗinsu ɗaya ne ko kusa da juna, me kuke zaton mai iyali zai yi? Zai daina zagaya bishiya yana dubawa kafin ya hau, ya ga ko akwai tsagewa a inda rassa suka rabu, ko naman kaza ya tsiro a gindi wanda alama ce ta ruɓa a ciki, ko ya ƙwanƙwasa ya ji kogo ne, ko akwai ƙudan zuma. Zai daina ɗaura igiya ta biyu kafin ya yi yanka, wadda ita ce za ta riƙe shi in ya datse ta farko bisa kuskure. Zai dinga yanka da hannu ɗaya don ya jefar da reshe da ɗayan, irin abin da ya sami abokina kenan, alhali ƙaramin injin nan da ake hawa da shi, da hannu biyu aka ce a riƙe shi. Cikin watan nan biyu na ga duk waɗannan da idona, kuma ni kaina ranar da na ga rana ta yi nisa saura bishiya biyu, na kama kaina ina shirin tsallake ɗaurin, sai da na yi ta maza na tsaya.

Sarƙar injin nan in an matsa wuta tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. In saman hancin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa ya taɓa wani abu, injin tasowa yake ya dawo wa mutum fuska ko kafaɗa kafin ya ƙifta ido, babu wanda yake da saurin kaucewa, abin da ke ceto shi ne riƙo mai kyau da hannu biyu da kuma birkin sarƙa mai aiki. Mai gaggawa kuma ba ya tsayawa ya wasa sarƙa. Minti biyar ne da magagari, amma in ana ƙirga maka bishiya sai ka ga minti biyar ɗin ma asara ce, sai ka ci gaba da dannawa, injin yana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, ka gaji, injin ya yi zafi, yankan ya karkace. Ita kuwa wayar wuta ba ta buƙatar ka taɓa ta da hannu, ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙiyar igiya sun isa su kawo maka ita. A Amurka ƙa'idarsu ta aikin bishiya, Z133, ta ce wanda bai da horo na musamman kada ya kusanci wayar wuta ƙasa da ƙafa 10, kusan mita 3 kenan. Mu yanzu in muka ce a jira masu lantarki su kashe layin, yinin ya tafi a banza ba ko sisi, to wa zai jira.

Kayan kariya ma tun kafin wannan hukunci muke kuka da su, yanzu abin ya ƙara lalacewa tunda an ce kowa ya sayi nasa. Wandon aikin nan da wasunku ke cewa ai wando wando ne, a cikinsa akwai dogayen zaruruwa jere-jere, in sarƙa ta yaga shi sai ta jawo su su cushe injin ya tsaya kafin ya kai nama. Har aji-aji gare shi, mai lamba 1 an gwada shi da gudun mita 20 a daƙiƙa, mai lamba 2 da 24, mai lamba 3 da 28, kuma akwai mai kare gaban ƙafa kawai akwai mai zagaye ta duka, shi wannan na biyun shi ya dace da mai hawa saboda a sama ta kowane ɓangare kake yanka. Yaron da ya fara aiki jiya da wane kuɗi zai saye shi? Da jins yake zuwa. Ƙarar injin a ma'aunin ƙara ta haura desibel 100, alhali daga 85 ake cewa a toshe kunne, ni yanzu kunnena na hagu in dare ya yi shiru sai in ji yana tsuwa, kuma likita ya gaya min jin da ya tafi ba ya dawowa. Manyan cikinmu da suka daɗe da inji wasu yatsunsu mutuwa suke yi in an yi sanyi saboda girgizar shekara da shekaru, maɓallin riga ma sai an saka musu. Ga injinan da birkinsu ya karye aka ce a lallaɓa, ga baƙin man da aka juye daga mota ana zubawa a matsayin man sarƙa, ga haɗin fetur da ake yi da ido alhali yawancin injinan Stihl da Husqvarna na yanzu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na man inji, in an kuskure inji ya kama, asarar kuma taku ce.

Igiya kuwa wallahi ita ce ranmu. Igiyar da mutum yake rataye a jikinta daban, wadda ake sauke gungume da ita daban, ba a haɗa su, saboda duk sanda gungume ya faɗo ya fizgi igiya yana cin ƙarfinta ta inda ido ba ya gani. Makon jiya na buɗe jakar wata tawaga na ga igiya ɗaya ce tal suke yin duka biyun da ita, ta yi gashi-gashi, wani wurin ya ƙone ya yi sheƙi, kuma yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne zai hau da ita. Na hana, aka ce na tsayar da aiki. A Birtaniya tun dokar 1998 kayan da ke ɗaukar mutum, igiya da bel da ƙugiyoyi, duk wata shida sai wanda ya san aikin ya bincika su an rubuta. Littafi ɗaya da biro ne wannan.

Dakatar da horo kuma zai daɗe yana yi mana illa ko bayan an gyara sauran. Koyo a bakin aiki ba laifi ba ne, nima da yawan abin da na sani a nan na same shi, amma a wurin wa yaron zai koya in mai hawa yana sama yana tsere da rana? Wanda ke kallo daga nesa yana ganin kawai an kafa inji bishiya ta faɗi. Bai san bakin da ake yi ta gaba ba ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko makamancin haka na kaurinta ba, bai san ana barin wani siririn itace tsakanin yankan gaba da na baya, kamar kashi ɗaya cikin goma, wanda shi ke riƙe ta yana juya ta kamar ƙofa ba, in ka datse shi ta faɗi inda ta ga dama. Bai san ana share hanyar gudu ta baya a karkace tun kafin a fara ba, ko cewa kowa ya matsa nisan tsawon bishiyar sau biyu. Bai san bishiyar da ta karkata tana iya tsagewa a tsaye ta harbo gindinta sama daidai haɓar mai yanka ba. Mafi haɗari ma ita ce wadda iska ta riga ta kayar, tana kwance kamar ta mutu alhali reshe yana danne a lanƙwashe kamar baka, ka yanka ta ɓangaren da bai dace ba ya make ka ko ya matse injin. Waɗannan abubuwa zaunar da mutum ake yi a nuna masa a ƙasa, ya gwada sau goma a gaban malami, kafin a bar shi shi kaɗai.

Bishiyoyin mutane ma suna shan wahalar rashin horon nan, kuma sunanku ne ke ɓaci. Wani masani na hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana duba yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, a 1977 aka wallafa bayaninsa cewa bishiya ba ta warkar da ciwo irin yadda jikin mutum ke yi, killace wurin take yi ta gina sabon itace a kansa. Daga nan aka gane cewa kumburin nan da ke gindin reshe ba a taɓa shi, a gefensa ake yanka, kada a shafe shi daidai da jikin bishiya kada kuma a bar dogon dungu, kuma shafa fenti a kan yanka ba ya hana ruɓa. Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi, a fara ta ƙasa, a sauke nauyin ta sama can gaba, sannan a gyara dungun, don kada ya ɗaye ɓawo har ƙasa. Yanzu saboda sauri an koma gundule kan bishiya gaba ɗaya a bar ta kamar turke. Mai gida yana murna an rage masa ita, bai san tohon da zai fito a gurguje a kan ɓawo kawai yake maƙale ba, ga ruɓa tana cin wurin yankan, bayan 'yan shekaru su ne rassan da za su karye a kan rufinsa. Haka ƙarafan ƙafa masu tsini, na bishiyar da za a sare ne gaba ɗaya, amma yanzu har wadda gyara kawai za a yi mata ana caccaka ta da su don sun fi saurin hawa.

Akwai kuma kuɗin da kuke zubarwa da hannunku, wato katako. Kwanaki mun sauke wata bishiya mai miƙaƙƙen jiki, tsawon mita huɗu babu ƙulli babu kogo, ni da na ga cikin yankan sai da raina ya sosu, irin wanda kafinta zai yi teburin da jikoki za su gada. Aka ce a daddatsa ta gajeru-gajeru don ta shiga mota da wuri a tafi aiki na gaba, ta ƙare a itacen wuta. Da an ba mu rabin awa da mun bar ta da tsawonta, a shafe bakunanta biyu da kakin zuma ko fenti don kada ta tsattsage, a kai wa masu tsagawa, a jera falankan a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu iska na ratsawa. Haƙuri yake so, masu aikin suna ƙiyasta kusan shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri kafin ya bushe, amma abin da zai kawo ya isa ya sayi igiyoyin da ake cewa babu kuɗinsu. Na san masu tsagawa suna gudun itacen cikin gari saboda ƙusa da waya da ke nutsewa a jikinsa su lalata musu zarto, gaskiyarsu ce, sai dai mu da muka yanka mun fi kowa sanin wanne ne mai tsabta, ku tambaye mu kawai.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Ku mayar da mai hawa na biyu a duk aikin da za a bar ƙasa, da kayansa a jikinsa da igiyar ceto a rataye, in mutum uku ya yi muku nauyi to aƙalla na ƙasan ya zama wanda ya iya hawa ya sauko da mutum, kuma a dinga gwada ceton nan lokaci-lokaci a ranar aiki ana biyanmu. Ku dawo da biyan yini, in kuma dole sai an yi jinga to a je da mai hawa ya ga bishiyar kafin ku yi ciniki da mai ita, kuma ranar da aka tsaya jiran masu lantarki ko iska ta yi ƙarfi kada ta zama asarar ma'aikaci shi kaɗai. Hular kwano da wandon kariya da takalmi da abin toshe kunne da na kare ido su zama na kamfani, igiya da bel a duba su duk wata shida a rubuta, wadda ta gaji a yanka ta a gabanmu don kada ta koma jaka, injin da birkinsa ba ya kamawa kada ya fita daga sito. Kowace mota ta samu akwatin taimakon gaggawa mai abin ɗaure jini da manyan bandeji, mai hawa kuma ya samu ƙarami a jikin bel ɗinsa. Ku buɗe horo ga sababbin yara, kada wanda ya tayar da inji sai an koya masa an gwada shi, kada wanda ya hau da inji sai ya fara iya hawa da ceto ba inji. Ku yi mana inshora, mu san in wani ya faɗo iyalinsa ba za su shiga bara ba. Sannan ku ba mai hawa damar ya ce wannan bishiyar ba zan hau ta yau ba, ba tare da an cire sunansa daga aikin gobe ba.

Ku kuma masu ba da kwangila, in an kawo muku farashi biyu ɗaya ya yi ƙasa sosai, dan Allah ku tambaya mutum nawa za su zo, wa zai sauko da mai hawa in ya ji ciwo, akwai inshora ko babu.

Lokacin iska da ruwa ya kusa, lokacin da aiki ya fi yawa kuma ya fi haɗari, muna roƙon ku zauna da wakilanmu kafin ya shigo, rana da wuri duk wanda kuka zaɓa za mu zo. Kafin nan za mu ci gaba da fitowa aiki kamar kullum, duk aikin ƙasa za mu yi shi, amma mun yi magana da juna cewa daga ranar Litinin babu wanda zai ɗaura bel ya hau a cikinmu sai akwai wanda zai iya sauko da shi a tsaye a ƙasa. Mun ga ya dace ku ji wannan daga bakinmu tun yanzu.

Allah ya ƙara girma, ya tsare mu da ku baki ɗaya.

Naku,
ɗaya daga cikin masu hawa, a madadin masu hawa da yaran ƙasa da masu yankan gungume da direbobi.